Fuskar Tanko da Hoto Ya Yanke

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar taubashina Tanko, kuma har yau ban yafe masa tafiya ba sallama ba. Ni da na tsaya a aji huɗu, yau ga ni ina rubutu a jarida. Da yana raye, da ya ce takarda ta yi arha.

Muna samari ya bar Tsanyawa ya tafi ci-rani birni, masu binciken kayan tarihi suka ɗauke shi haƙa a gindin ganuwa. Ya dawo yana cika baki wai an ɗauke shi hoto, ya shiga tarihi. Muka ce gani ya kori ji.

Sai bana na gani. Jikarsa Hadiza, mai karatun zane a jami'a, ta zo da ƙawayenta biyu. An ba su tsofaffin takardu da hotunan wancan haƙan, su zana su, su ƙaga musu labari. A hoto ɗaya ga tukunya mai huji-huji, ga mutum a tsugune riƙe da sandar awo, hoton ya yanke shi daga wuya, kansa bai fito ba. Ashe tukunyar aka ɗauka. Da tabon lauje a hannunsa na gane shi.

"Kaka, ina ƙarama ya rasu," in ji Hadiza. "Ka ba mu fuskarsa mu zana."

Na gyara zama kamar alƙali, na buɗe baki, sai na ji wayam. Muryarsa tana kunnena, fuskar kuwa ta ƙi zuwa. In na mance, wa ya rage?

Don in rufe kunya na tambayi me aka rubuta a kan tukunyar. Suka ce kayan tsafi.

"Tsafin ciki dai," na ce. "Madambaci ne. Tanko ya gaya musu, ba su rubuta ba."

Hadiza ta fashe da dariya, idonta na hagu ya kanne, wushirya ta bayyana. Ga Tanko zaune a gabana.

Na ce wa ɗaya daga cikin ƙawayenta, "Zana wannan. Ki ƙara gemu, ki rage kyau."

Zanen yana zaurena yanzu: Tanko, kansa ya dawo kan wuyansa, wata tsohuwa tana turara dambu a gefensa. Da ya gani, na san zai ce an rage masa tsawo. Takarda ta adana tukunya ta yar da mutum, jini kuwa bai yar ba. Allah ya jiƙanka, Tanko. Ka shiga tarihin, na janye dariyata.