Ruwan Da Na Ba Kariyar Gwaggo

Akwai warin da ko a tsakiyar kasuwa na ji shi sai na gane shi: warin gindin kariya in ya ruɓe. Kamar rogon da aka jiƙa aka manta da shi yake. Shekaranjiya na ji shi a ƙofar ɗakina, sai ga ni na koma ɗan shekara tara a gidanmu na Lafagu, da gajeren wando mai faci biyu a baya.

In ba ka san kariya ba, kada ka tambaye ni sunanta na boko. Aji biyu na yi, malam ya dube ni ya ce wannan kai don ɗaukar dami aka yi shi. Itaciya ce gajeruwa mai ƙaton ciki, kai ka ce kuka ce aka hana ta girma. Da bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, komai ya yi laushi, a nan take zubar da ganye ta fito da jan fure, wata da watanni. Ko akuya ba ta taɓa ta, don ruwan jikinta dafi ne.

A gidanmu mutum ɗaya ke da ita, gwaggona, yayar babana. Aure ya kai ta ƙetaren iyaka, wajen Segbana, inda tsofaffi ke cewa ƙasar Faransi. Da mijin ya rasu ta dawo da ƙunshin zannuwa a hannu da tsohuwar tukunya a ka, kariya a ciki. Mu manoman shinkafa ne a fadamar Kwara. Abin da ba a ci, ba a ba dabba, ba mu ga dalilin shuka shi ba. Matan gida in za su wuce sai su ce, "Ga fure, ba 'ya'ya," su dubi tukunyar, su dubi mai tukunyar.

A ɗakinta nake kwana, kuma bari in tona wa kaina asiri: har lokacin ina fitsarin kwance. Innata ta ɗauka na daina tuntuni. Gwaggo ce kullum da asuba take wanke tabarmata ta shanya a bayan ɗaki, in an tambaya ta ce butarta ce ta kife.

Ita ta koya mini kariya. In ka yanko reshe, ka bar shi mako guda a inuwa bakinsa ya bushe kafin ka dasa. Yashi take so da tsakuwa, ba laka ba. A huda gindin tukunya. A ajiye ta inda rana ta fi duka. Da damina kuwa a ja ta ƙarƙashin rumfa. "Ƙishirwa ba ta kashe ta, ɗan nan," in ji ta. "Ruwa ne ajalinta." Wata rana kuma, tana goge ƙurar furen da bakin zanenta, ta gaya mini abin da ba ta gaya wa kowa a gidan ba. Ɗiya ɗaya ta taɓa haifa, ƙyanda ta ɗauke ta tana shekara biyar. Yarinyar kan tsinki furen kariyar ƙofar ɗakinsu ta soka a kitso. Kabari ya baje, iyaka ta raba su. Reshen wancan icen ta yanko ta zo da shi.

Da daminar shekarar Gwaggo ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu. Maɗori ya ɗaure ta, ya ce kada ta motsa kwana arba'in. Kwana uku tabarmata ba wanki, ɗaki ya ɗauki zarni. Cikin raɗa Gwaggo ta roƙi innata ta fitar da tabarmar. Innata kuwa ba ta san raɗa ba. Kafin hantsi an ɗaura mini kwaɗo a ƙugu, yaran unguwa sun bi ni da waƙar masu fitsarin kwance har bakin masallaci.

Ban ga laifin marata ba, ban ga na innata ba. Na tsohuwar da ba ta iya tashi na gani.

Washegari na jawo tukunyar daga rumfa na ajiye ta daidai inda Gwaggo ke hangowa daga shimfiɗarta. Na toshe hudar gindin da laka. Na cika ƙwarya na juye, na ɗaga murya: "Gwaggo, na ba ɗiyarki ruwa!" Safe da yamma haka nake yi, ga na sama yana ƙarawa.

Ta yi kira har muryarta ta dushe. Babana ya leƙa ya ce, "Haba Yaya, ki ji tsoron Allah. Yaro na neman lada kina hana shi? Ina kika taɓa ganin ruwa ya kashe shuka?" Ba ƙeta yake yi ba, iyakar saninsa ke nan, mutumin da ya girma yana roƙon ruwa bai san ana mutuwa da shi ba. Kakata ta ba ni ƙosai biyu, ta ce duk gidan ni kaɗai ne mai tausayi. Mata suka ce faɗuwar ta taɓa wa Gwaggo kai. Ni kuwa na cinye ƙosan a ƙofar ɗakin, ina tauna a hankali.

Rana ta goma sha biyu muna gona Gwaggo ta jawo jiki zuwa ga tukunyar. Ba ta kai ba. Ɗaurin ya goce, ƙashin ya kama a karkace, ba ta sake tafiya ba sanda ba.

Bayan nan gindin ya yi laushi, in ka danna sai yatsa ya nutse, warin nan ya tashi. Ta kira ni, ba faɗa, ba kuka. "Ɗan ƙanena, ruɓar ba ta kai sama ba. Yanko mini reshe ɗaya." Na ce to. Na ɗauki tukunyar, na wuce bayan gari, na jefa ta a kududdufi. Da na dawo na ce mata duk ta ruɓe.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Allah shi ba ka tsawon rai." Na yi murna, na ɗauka na ci banza. Shekara huɗu ta ƙara a duniya, ba ta taɓa gaya wa kowa cewa da sani na yi ba.

Addu'ar ta karɓu. Ga ni yau a Bagudo, ƙafafu sun ƙi, sai an ɗaga ni an ajiye. Zamani ya juya, kariyar da aka yi wa dariya yanzu ita ce a ƙofar gidajen mai da ofisoshi, cikin tukwanen siminti masu fenti. Ni ma shekara ashirin ina da tawa a bokitin fenti, ban taɓa gaya wa kowa dalili ba. Watan jiya na murɗe kunnen jikana a gaban abokansa don ya kwashe mini dabino. Tun ranar yake ba kariyata ruwa, buta biyu kullum. Na yi ihu, ɗana ya ce, "Baba, yaro na neman lada." Uwarsa ta ce tsufa ya fara taɓa ni.

Shekaranjiya da warin ya tashi, yaron ya tsaya da buta a hannu yana kallona. Na san wannan kallo, ni na fara yin sa. Na yafito shi, na dafa kansa, na ce Allah shi ba shi tsawon rai. Duk gidan suka ce amin.