Shaidar Mai Wankan Gawa na Metlawi

Lazhar Gasmi ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin haƙar ma'adinin fosfat a Metlawi, a kudancin Tunisiya, amma ba da wannan aka san shi ba. Da wankan gawa aka san shi, aikin da ya gada daga mahaifinsa tare da ƙa'idarsa guda: abin da mai wanka ya gani a jikin mamaci, a ɗakin yake barinsa. Ko matarsa ba ta taɓa jin ya ce wane ya rame ko wane yana da tabo ba.

A watan Mayun 1992 aka kawo gawar Lutfi, malamin firamare, bayan kwana tara a hannun jami'an tsaro. Takardar likita ta ce zuciyarsa ce ta tsaya. An so a binne shi yadda aka kawo shi, amma mahaifiyarsa ta yi ta roƙo har aka yarda a yi masa wanka, bisa sharaɗin mutum ɗaya ne zai shiga. Jami'in da ya rako gawar shi ya ambaci sunan Lazhar, Lazhar kuwa ya gane dalili.

Ya ga alamun duka a tafin ƙafafun. Ya ga sawun igiya a wuyan hannu, ya kuma ji haƙarƙari biyu suna motsi ƙarƙashin yatsunsa. Da ya fito, tsohuwar ta kama hannun rigarsa, ta tambaye shi yadda ya sami ɗanta. Ƙa'idar ta ba shi damar yin shiru, amma jami'in na tsaye a bakin ƙofa. Ya ce mata jikin lafiya lau, kamar mai barci. Da wannan amsar ta rayu shekara shida, da ita ta rasu.

Bayan boren 2011 da ya kifar da gwamnati aka kafa hukumar sauraron waɗanda aka zalunta, sai Mabruka, ƙanwar Lutfi, ta shigar da ƙorafi. Lauyarta ta zo gidan Lazhar ta yi masa bayani: tun kafin a kama Lutfi ƙasar ta sa hannu a yarjejeniyar duniya ta hana azabtarwa, sabuwar doka kuma ta ce daɗewa ba ta shafe irin wannan laifi. Sai dai likitan ya mutu, takardun kuma sun ƙone ranar da jama'a suka cinna wa ofishin jami'an tsaro wuta. In babu wanda ya ga jikin, maganar ba za ta kai kotu ba. Lazhar ya ba ta shayi, ya ce bakin mai wanka a rufe yake. Ta dawo, ya maimaita.

Tijani, abokin kartarsa, ya riƙa tsokanarsa a gidan gahawa, wai shugaban ƙasa ma ya hau jirgi ya gudu, amma tsoho na nan yana gadin shagon da mai shi ya watsar. Lazhar ya yi dariya tare da kowa, sa'an nan ya yi mako bai leƙa wurin ba.

Saura kwana huɗu a rufe binciken, Mabruka ta tare shi a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba Lazhar, kai ka wanke babanmu, ba zan yi maka rashin kunya ba. Amma asirin wa kake rufawa? Na Lutfi, ko nasu?"

Ya daɗe da sanin amsar. Mahaifinsa ya koya masa rufe aibin mamaci ne, bai taɓa cewa a rufe aibin wanda ya kashe shi ba. Jami'an ma ba su ne ke tsorata shi yanzu ba. Abin da ya kasa shi ne ya faɗa a gaban 'yar cewa ƙarya ya yi wa uwar.

Ranar Alhamis ya hau motar haya zuwa Gafsa, inda hukumar ke zama. Ya ba da shaidarsa cikin minti ashirin, yana nuna kowane wuri a jikinsa. Da mai rubutu ya tambaye shi ko iyalin sun taɓa tambayarsa, ya dubi teburin.

"Hajja ta tambaye ni. Na ce mata kamar mai barci."

Mabruka ta tashi ta fita.

Da wannan shaidar aka miƙa maganar ga kotu. Sau bakwai aka zauna zuwa lokacin da ake wannan rubutu, waɗanda ake tuhuma ba su halarci ko ɗaya ba, kowane zama ɗagewa ake yi. Lazhar bai taɓa fashi ba. Yakan zauna layi biyu a bayan Mabruka, hularsa a gwiwa. Takan amsa gaisuwarsa, ba ta ƙara komai a kai.