Na Je Doha Sayen Motocin Soja, Na Dawo da Ɗaya a Jaka

Abu uku na zuba a wannan tafiya: tikitin mutum biyu, shagona da na bari a hannun abokin ciniki, sai kuma maganata, wadda ta fi sauran biyun tsada. Na riga na faɗa wa wani Alhaji mai safarar albasa, a gaban jama'a, cewa zan samo masa tsofaffin motocin soja masu aksil uku, irin waɗanda ba sa gudun taɓo. Shekara ashirin da ɗoriya ina sayar da kayan manyan motoci a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ban taɓa cewa zan kawo abu na dawo hannu rabbana ba.

Ƙanin matata ne mafarin zancen. Gadi yake yi a gidan wani dattijon Balarabe a Doha. Ya turo min hotuna, ya ce kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, zai sayar da motocin soja kusan arba'in a dunƙule. Na ga motoci tsaye cikin rairayi, ga tsatsa a ƙofa, ga tamfol ya koɗe, ga jarkoki ɗaure a gefe, wata ma gilashinta ya tsage. Da ya faɗi farashin duka, sai na ga bai fi na gajiyayyiyar gingimari guda a wurinmu ba. Na san banza ba ta kai zomo kasuwa, amma na ce da raina masu kuɗin Larabawa ba su san darajar tsohon ƙarfe ba. Na nemi lambar shasi, ya ce dattijon ba ya son yawan tambaya a waya, in zo in gani. Wannan ya yi daidai da ƙa'idata, don ni ba na biyan kuɗin mota sai na kwanta a ƙarƙashinta.

Mun bar gida ana kiran assalatu, ni da bakanikena, mutumin da muka tsufa tare cikin baƙin mai. Ya cika jakarsa da sifanu, tocila da tsohuwar rigar aiki, har sai da masu awo a filin jirgi suka caje mu kuɗin nauyi. Bai taɓa hawa jirgi ba. Tun da muka ɗaga yake kasa kunne ga ƙarar inji, can ya raɗa min cewa na dama yana ɗan shan iska. Na ce ya bar wa masu shi.

Doha ta tare mu da zafi mai ɗanko, irin wanda kana fita daga sanyin filin jirgi tabarau ke rufewa da hazo. Tituna shimfiɗe kamar an goge su da dutsen guga, babu rami ko ɗaya. Na dubi wannan da idon sana'a, na ce garin nan mai sayar da sifirin na mota, yunwa za ta kashe shi. Muka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin gari, bakanikena ya matsa har gaba yana neman direba don su gaisa, ya tarar babu kowa, jirgin shi ke tuƙa kansa. Ya dawo ya zauna yana jan carbi.

A unguwar Muntazah muka sauka, inda talakan baƙo ke iya numfashi. Ɗakin da muka kama, in ka juya kuɗinsa zuwa naira sai barci ya gagare ka, don haka na daina juyawa. Abin da ya burge ni shi ne shayin karak, mai kauri da madara da ƙamshi, riyal ɗaya kofi, ka tsaya a bakin taga a miƙo maka. Mun ci majbus, shinkafa ce dafa-duka da kaza da busasshen lemun tsami, faranti guda ya ishi ƙarti biyu. A masallacin unguwa muka haɗu da 'yan gida: direbobi, masu gadi, da wani injiniya ɗan Zariya da ya ji abin da ya kawo mu, ya ce shekarunsa a garin bai taɓa ganin inda ake ajiye irin waɗannan motoci ba. Na ɗauka hassadar ɗan boko ce.

Washegari bayan la'asar surukina ya zo ya ɗauke mu zuwa unguwar Rayyan, gidan dattijon. A hanya na tambaye shi ko filin motocin yana da nisa da gidan. Sai a nan ya ce ai shi bai taɓa ganinsu da ido ba. Aikinsa a ƙofa yake, hotunan ma dattijon ne ya tura masa, shi kuma ya ƙaddara suna can gonar sahara inda masu gidan ke ajiye raƙuma.

Dattijon mutumin kirki ne, fari tas da furfura, hannunsa na ɗan rawa. Ya zaunar da mu a majalisa, aka kawo dabino da gahawa a ƙananan kofuna. Ban san sai ka girgiza kofi ake daina zubawa ba, na yi ta sha har cikina ya fara ƙugi. Bakanikena kuwa ya riga ya zura rigar aiki a kan kaftani, tocila a hannu. Dattijon ya dube shi da mamaki, ya ce yalla, wato mu je, muka bi shi. Na zaci waje za mu fita, sai na ga muna hawa bene.

Ya buɗe wani ɗaki mai sanyi, ya kunna fitila. Ga motocin nan duka, jere cikin kabad na gilashi, kowacce ba ta fi tafin hannuna tsawo ba. Na gane mai tsagaggen gilashin nan take. Rairayin da na gani a hoto yana cikin faranti. Tsatsar da ta sa na fara shirin rage farashi, fenti ne aka ɗiga da tsinke.

Bakanikena ya kashe tocilarsa a hankali. Surukina ya matso kusa da kunnena.

"Yaya, wallahi a waya manya ne."

"Bari mu koma gida," na ce, "za ka yi wa yayarka bayani da bakinka."

Ɗan kasuwa ba ya nuna an mare shi a gaban mai kaya. Na gyara hula, na sunkuya ina dubawa kamar abin da na zo gani ke nan. Dattijon ya ji daɗi, ya shiga bayani, surukina na fassarawa da Larabcinsa na bakin ƙofa. Ashe sana'a ce sukutum. Ana sayar da su a kwali, gutsi-gutsi na roba manne da sanduna, mutum ya yanka, ya haɗa da gam, ya yi fenti. Komai na motar gaske an rage shi sau talatin da biyar, har lagireto da kafireto da furofela. Tun yana saurayi yake haɗawa, yanzu ido ya raunana, hannu na rawa, 'ya'yansa kuma babu mai sha'awa. Ya ce kowa tankar yaƙi yake so, shi kuwa motar kaya, don soja ba ya harbi da yunwa, tanka ba ta tafiya babu mai.

Nan fa na manta da takaicina, domin labarin mota ko a ina ne ina saurare. Duk na yaƙin duniya na biyu ne. Ya nuna mana ta Amurka mai aksil uku, irin wadda na yi wa Alhaji alkawari, ya ce su suka yi ta jigilar mai da abinci daga gaɓar tekun Faransa zuwa bakin daga ba dare ba rana, kuma yawancin direbobin baƙaƙen fata ne. Ga ta Jamus da taɓon Rasha ya hana sakat, har aka cire mata tayoyin baya aka sa sarƙa. Ga wata 'yar ƙarama ta Rasha da ke ratsa daskararren tabki da buhunan gari zuwa birnin da aka yi wa ƙawanya, an bar ƙofarta a buɗe don direba ya yi tsalle in ƙanƙara ta fashe. Ga mai gajeren hanci ƙirar Kanada, gilashinta ya sunkuyo gaba don kada ya yi walƙiya jirgin abokan gaba ya hango. Wannan na san irinta, ina yaro na ga ɓurɓushinsu da bodin katako a tashar garinmu, tsofaffin da suka je yaƙin Bama suna cewa a irinta suka koyi tuƙi. Abin da ya fi tsaya min a rai, ya nuna taga ya ce a can ƙetaren ruwan nan, a Iran, motocin gasken ma a akwatuna aka riƙa sauke su, a haɗa su a can bakin teku, sannan a tuƙa su ta duwatsu zuwa Rasha. Na ce ashe abin da asali.

Sai kuma jinin kasuwa ya motsa. Na ce tunda na zo, ba zan fita ba ciniki ba. A ƙasan kabad akwai kwalaye da ba a haɗa ba. A lissafina, wadda aka haɗa aka yi wa fenti ita ce mai tsada, tunda an zuba mata aiki, ta kwali kuwa ɗanyen kaya ce. Na zaɓi kwalin da ya fi tsufa, na mota mai aksil uku, launinsa ya koɗe, na ce wannan kwantai ne, zai zo da sauƙi. Mu kuma a Ƙofar Ruwa ba a sayen kaya a rufe, sau nawa aka kawo min kwalin fistin na tarar da duwatsu. Dattijon ya juya yana neman wani abu, ni kuma na zaro makulli na farke ledar da ke jikin kwalin, na fara duba ko kayan sun cika.

Wata 'yar ƙara dattijon ya yi, irin ta wanda aka taka wa ƙafa a sahu. Ya zauna a kujera. Da ƙyar surukina ya tattaro min bayanin. Wannan kwali tun yana saurayi ya saye shi, masu yin sa sun daɗe da dainawa, kuma a wurin masu wannan harka wanda ba a taɓa buɗewa ba ya ninka buɗaɗɗe sau da yawa. Darajarsa duka a ledar nan take, wadda ke hannuna.

Dattijon ya ce khalas, ba komai, ni baƙonsa ne. Na ƙi. Ko a kasuwarmu wanda ya kwance shi ke saye. Sai dai da ya faɗi farashi, na ce wannan ai na rufaffe ne, wanda ke gabanmu kuwa buɗaɗɗe ne, kowa shaida. Surukina ya ƙi fassarawa, sai da na harare shi. Dattijon ya yi dariya har da tari, ya ce bai taɓa ganin wanda ya fasa kaya sannan ya nemi ragi saboda fashewar ba. Muka haɗu a tsakiya. Ya ƙara min da gam, fenti da matsefata, ya ce tunda an buɗe ta, zalunci ne a bar ta ba a haɗa ba.

Ragowar kwanakinmu a Doha a kan wannan mota suka ƙare. Na leƙa unguwar masana'antu na ga farashin giyabos, bai ba ni riba ba, na haƙura. Na ɗan zaga unguwar Sadd na saya wa iyali turare. Sauran lokaci muna ɗaki, bakanike mai sauke injin tirela shi kaɗai yana fama da sitiyari ƙanƙane kamar ƙwayar gero. Gam ya manne masa yatsu biyu, da su ya yi sallar magariba. Madubin gefe ya kuɓuce daga matsefata ya shige kafet, ƙarti uku har da surukina muka durƙusa muna lalube, tocilar nan dai ta yi rana. Ba mu same shi ba. Fentin kuma bakanikena ya zuba shi da yawa, motar ta fito tana sheƙi kamar motar amarya. Da muka kai wa dattijon ita ranar sallama, ya juya ta a hannu ya daɗe yana kallo, ya ce wannan ba ta je yaƙi ba tukuna.

Labari ya riga ni isa Kano, aikin matata ne ba na kowa ba. Ranar da na buɗe shago, Alhaji ya zo da rakiyar rabin layinmu. Ban yi kwana-kwana ba. Na faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan, na zaro motar daga jaka na ajiye a kan kanta, na ce ga aksil uku, ya ƙirga.

Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashinta, ya taɓa taya da farce.

"Albasa nawa take ɗauka?"

"Ɗaya, Alhaji, in ƙarama ce."

Sai da aka ba shi kujera saboda dariya. Da ya nutsu ya ce in sa mata kuɗi. Na ce ba ta sayarwa ba ce, alkawarinsa ce, ya ɗauka. Ya naɗe ta a hankici da kansa. Ya ce motocin albasa zai nema a wani wuri, amma sifirin da birki a wurina zai ci gaba da saye, don wanda ya iya tsayawa gaban kasuwa ya faɗi irin wannan da bakinsa ba zai sayar masa da jabu ba.

To ga yadda lissafin ya tsaya. Tikiti biyu sun tafi, kuɗin ɗaki da na kwali sun bi su, ko sisi bai dawo ba. Suna kuma na samu sabo, daga bakin layi har masallaci Alhaji Mai Kwali ake kirana, ina kuma amsawa. Maganata ce kawai ta tsira, ita ma da madubi ɗaya. Wanda duk zai turo min hoton mota daga yau, ko daga Kurna ne balle ƙetare, sai ya tsaya a gefenta an ɗauke su tare, in ga wa ya fi wani tsawo.