Mutumin da Ya Ara wa Matattu Numfashi

Kafin ciwo ya kwantar da shi, Mai Taku ne farkon shiga situdiyo kowace safiya, tun mai shara ba ta iso ba. Zai karɓi makulli a hannun maigadi, ya gangara matakala zuwa wani ɗaki a ƙasan ginin, ya tuɓe riga ya rataye a ƙusa, ya rage daga shi sai singileti. Ɗakin ba shi da taga. An lulluɓe bangonsa da tsofaffin katifu don kada ƙarar titi ta shigo, kuma ba a kunna fanka, domin makirufo ba ya ƙyale ko kukan sauro. A cikin wannan zafi, gumi na gangara har cikin takalmi, mutumin nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ƙera sanyi.

Kamfanin da yake wa aiki fina-finan gaskiya yake shiryawa a kan masu hawan manyan tsaunuka, irin waɗanda ƙanƙara ba ta narkewa a kansu, iskar shaƙa kuma ta yi ƙaranci har ƙato ya ɗaga ƙafa ya tsaya yana haki. Hotunan da ake kawowa daga can sukan zo a kurmance. Na zamanin da tun asali ba su da sauti: hotuna ne baƙi da fari na mutane cikin rigunan ulu, ɗaure da igiyar rama, suna motsa baki ba a jin komai. Na baya-bayan nan kuwa, ko guguwa ta cinye sautin, ko sanyi ya kashe batir. Sai a sauko da hoton ɗakin Mai Taku, a haska masa a farin ƙyalle, shi kuma ya sa masa rai.

Dusar ƙanƙara a wurinsa jakar fata ce cike da sitaci, yana murza ta daidai da saukar ƙafar mutumin da ke cikin hoto. Daskararriyar ƙanƙara gishiri ne mai tsakuwa a cikin tire, yana taka shi da tsofaffin takalman soja, kuma daga nan ya samo sunansa. Tanti a cikin guguwa tsohuwar lema ce yake kaɗawa. Bai taɓa ganin ƙanƙarar tsauni da idonsa ba, bai kuma taɓa hawa abin da ya wuce rufin gidansa ba, shi ma don toshe yoyo. Matarsa takan tsokane shi ta ce ya gama hawa tsaunukan duniya kaf, amma in aka ce ya sauko da akwati daga kan kabad sai ya ce jiri yake gani.

Mai haɗa hoto, wanda ya daɗe yana aiki a ɗakin sama, shi ya ba ni labarin ranar da aka kawo tsohon hoton wata tawaga ta farkon masu hawa. Darakta ya ce a sa takun manyan tawagar kawai, 'yan dakon da ke biye da su da akwatuna a baya ba wanda zai lura da su. Mai Taku ya ce to. Da aka fita cin abincin rana sai ya zauna ya yi wa kowane ɗan dako nasa takun. Wannan yana ɗingishi, wancan kayansa sun rinjaya hagu, na ƙarshe ko takalmi babu, tsumma ya naɗe ƙafa da shi. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya ce masa sannu. Kai ne, Mai Taku, ka saurari tafiyar mutanen da tarihi bai tsaya tambayar sunansu ba. Naka sunan ma yakan fito ne can ƙarshen fim, lokacin da masu kallo sun riga sun miƙe suna neman takalmansu.

Amma aikin da ya fi kowanne nauyi a rayuwarsa na wani saurayi ne mai ɗaukar hoto, wanda ya bi wata tawaga bai dawo ba. Bayan wani lokaci aka tsinci kyamararsa a kan tsaunin, ba a tsinci gawarsa ba. A ƙarshen fim ɗin da ke ciki, an ga yaron ya zauna ya jingina da dutse, ya ɗora kyamarar a ƙirjinsa ba tare da ya kashe ta ba. Ba a ganin komai sai safar hannu ɗaya, da gwiwa, da sararin sama. Hoton yana ɗagawa yana sauka tare da ƙirjinsa, a hankali a hankali, har ya daina. Sauti babu ko ɗigo. Darakta ya ce da wannan za a rufe fim ɗin tarihin da suke haɗawa, kuma yana son a ji numfashi.

Mai Taku ya kalli hoton har ya haddace shi. Sannan ya ɗaure ƙirjinsa da bel tamau, ya yi ta hawa matakala yana sauka a guje, ya zo ya durƙusa gaban makirufo da jiƙaƙƙen tsumma a baki. In hoton ya ɗaga ya ja numfashi, in ya sauka ya sake. Inda yaron ya ɗan tsaya, shi ma ya tsaya. Maigadi ya ce da ya fito a ranar idanunsa sun yi jajir, ya nemi ruwa.

Ranar da aka fara nuna fim ɗin an gayyaci dangin mamacin. Mahaifiyarsa tana layin gaba, tsohuwa 'yar siririya da tabarau. Da aka kunna fitila sai ta miƙe, ta kama hannun darakta da hannu biyu, ta ce ta gode da ya dawo mata da numfashin ɗanta, haka yake yi tun yana ƙarami in ya yi gudu ya gaji. Darakta, da bakinsa ba ya mutuwa gaban 'yan jarida, ya sunkuyar da kai. Da ta roƙi a ba ta sautin shi kaɗai ta riƙa ji a gida, sai ya nuna mata Mai Taku da ke tsaye bakin ƙofa, ya ce ga wanda ya wanke sautin nan ya fito tangaran, ta same shi. Da haka ya sauke kayan a kan wani ya yi gaba abinsa.

Washegari ta gangaro matakalar tana dafa bango. Mai Taku ya kwana da niyyar gaya mata gaskiya, har ya shirya kalmomin da zai fara da su. Amma da ta zauna a kan benci ta ce masa ba ta da kabarin da za ta ziyarta, ba riga, ba agogo, wannan ne kaɗai abin da tsaunin ya bar mata, sai ya fasa. Ya naɗa mata a kaset ya ba ta.

Tun daga nan ta zama tasa. In kaset ya tsinke don yawan ji, ta dawo ya sake mata wani. Da zamani ya juya ya zuba mata a waya. Takan zo da lemo a leda, ta tambayi yaransa ɗaya bayan ɗaya, ta yi masa faɗa a kan tarin da ta ji yana yi. Yana ce mata Mama, tana ce masa Malam. Duk zuwan da za ta yi sai ya koma gida jiki a mace, ya ce wa matarsa yau ma ya ci amanar baiwar Allah nan. Matar takan ce ba amana ya ci ba, riƙe ta ya yi. Shi dai bai taɓa samun natsuwa da ko ɗaya daga cikin maganganun biyu ba. Abin da ya sani kawai shi ne, ranar da ta gane, ɗanta zai sake mutuwa, kuma wannan karon a hannunsa.

Tarin da take masa faɗa a kai bai tafi ba. Likita ya duba hoton ƙirjinsa ya tambaye shi ko a ma'aikatar siminti yake aiki. Ƙurar sitaci da gishiri da ruɓaɓɓen soso, a ɗakin da iska ba ta shiga, ta zauna a huhunsa ta yi gida. Kamfanin bai jira ya warke ba. Yanzu duk wani taku da guguwa suna cikin kwamfuta, da latsawa ɗaya ake samu, kuma in ka bincika da yawansu nasa ne da aka adana. Aka yi masa ɗan taron sallama da lemon kwalba da agogon bango, shi ma bai samu halarta ba, ɗansa ne ya karɓo. Aka ɓamɓare katifun, ɗakin ya koma wurin ajiye karyayyun kujeru. Ina faɗin wannan raina a ɓace, domin mutumin da ya numfasa wa rabin matattun da ke fina-finan kamfanin yana kwance da tukunyar iska a gefen gado, irin wadda masu hawan ke goyawa, kuma ba wanda ya leƙo daga cikinsu sai maigadi da mai haɗa hoto.

Ana haka wayar tsohuwar ta faɗa ruwa. Ta je situdiyo ta tarar da baƙin fuskoki, maigadi kuma cikin kyakkyawar niyya ya kwatanta mata gidan. Da hantsi ta yi sallama. Matar Mai Taku ce ta tarbe ta. Ta zaunar da ita a falo, ta ce maigidan yana barci, ta ƙara muryar rediyo, ta shiga jan ta da hira a kan ciwon gwiwa da tsadar magani. Tsakanin falon da ɗakinsa labule ne kawai.

Shi kuwa ya ji muryarta tun daga ƙofa. Ya san yadda numfashinsa ya koma tun da ya kwanta, ba ya bukatar bel ko tsumma yanzu. Sai ya yi abin da ya rage masa: ya toshe bakinsa da filo ya riƙe numfashi. Ya riƙe iya ƙarfinsa, har ɗakin ya fara juya masa. Da ya saki, sai ya fito duka, da hakin, da ɗan tsayawar nan, da siririn fiton da ke biyo baya.

Tsohuwar ta ɗaga hannu ta ce a kashe rediyon. Ta kasa kunne, kanta a karkace. Wannan sauti ta kwana da shi ta tashi da shi shekara da shekaru, ta san shi fiye da muryar kowa a duniya. Ta miƙe da kanta ta ɗaga labulen.

"Malam," ta ce, "kai ne a ciki?"

Ya gyaɗa kai.

"Duka?"

"Duka, Mama."

"Ko kaɗan babu nasa?"

A nan ne yake da amsa, amsar gaskiya. Yana so ya ce mata muryar tasa ce amma tafiyar ta ɗanta ce, duk ja da saki da tsayawa daga ƙirjin yaron ya kwafo su, bai ƙara ba bai rage ba. Maganar tana da tsawo, shi kuma ba shi da iskar da zai ɗauke ta. Ya buɗe baki tari ya sarƙe shi, matarsa ta ruga ta sa masa robar iska a hanci. Tsohuwar ta tsaya tana kallonsa har ya lafa.

"Ashe duk shekarun nan kai nake yi wa kuka," ta ce.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage shi ba. Ta yi masa addu'ar samun sauƙi, ta ajiye ledar lemon a bakin gado, ta fita. Matar ta bi ta har titi tana cewa ta tsaya a zuba mata sautin a sabuwar waya, ta girgiza kai kawai. Bayan kwana biyu matar ta nemi gidanta, maƙwabta suka ce 'yarta ta zo ta ɗauke ta, ba su san inda suka koma ba.

Na je gaishe shi bayan wannan. Na tambaye shi ko yana nadamar kaset ɗin farko. Ya daɗe yana tara iska kafin ya ce a'a, nadamarsa ɗaya ce, da ya san za ta zo a ranar, da ya roƙi a kai shi asibiti.

Mai Taku, mun gode. Kai ne ka taka ƙanƙarar da ba ka taɓa gani ba don mu ji sanyinta, kai ne ka ɗauki nauyin da darakta ya yar, ka riƙe wa wata uwa ɗanta har ƙarfinka ya ƙare. Ban san sakamakon da duniya ta tanadar wa irinku ba, abin da na gani dai agogon bango ne. Duk da haka ina kira ga masu tasowa a wannan sana'a da kowace sana'a su yi aiki irin naka, su kula da na bayan layi kamar yadda ka kula. Masu ɗaukar su aiki kuma su ji tsoron Allah su fasa musu taga. Wanda kuma ya san inda tsohuwar nan take, don Allah ya karanta mata amsar da Malam bai samu faɗa ba.

Matarsa ta ce har yanzu, in aka yi sallama a ƙofa da muryar tsohuwa, sai ya lallaɓa ya jawo filo.