Kulocin Babana da Ƙafarsa ta Hagu

Wata safiyar Asabar ce, cikin daminar shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama. Binuwai ya cika ya tumbatsa, jirgin fito ya kai mu gaɓar Vinikilang, aka sauke katakon fita, sai motar babana ta ƙi shiga giya. Ina zaune a gaba tsakaninsa da wata mai tallan nono, rungume da ƙwaryarta. Baba ya taka kuloci, ya ja hannun giyar da ke jikin sitiyari, wani gurnani ya taso daga ƙarƙashinmu kamar ana niƙa tsakuwa. Ya saki, ya sake takawa, gurnanin ya ƙaru. Direban babbar motar gyaɗa da ke bayanmu ya danne oda ya ƙi ɗaga hannu. Ƙarshe dai masu fito da fasinjoji ne suka turo mu waje, kuma cikin masu turin wani ya faɗa da ƙarfi, yadda kowa zai ji, wai motar ba ta da laifi, ƙafar mai ita ce ta mutu. Ina 'yar aji huɗu lokacin, har yau kuma ban manta launin hular mutumin nan ba.

Babana direban soja ne a da. Ya dawo daga yaƙin basasa da ƙafar hagu wadda tafinta ba ya jin ƙasa sosai, ko ƙaya ya taka sai an nuna masa jini. Yayansa, Bappa Sali, shi ya sayar da shanun gado aka sayi tsohuwar motar nan mai sitiyari a dama, Baba yana haya da ita tsakanin Jimeta da Girei. Da ita muke ci, da ita kuma Baba ya koma mutum bayan dawowarsa, domin kafin ta zo wuni yake a zaure ba ya magana da kowa. Gidanmu na unguwar Alkalawa kansa motar ce ke juya shi. Da asuba ni da ƙannena muke jido ruwan rijiya mu wanke ta, mu kori kajin da suka kwana a ƙarƙashinta, mu share ɓawon gyaɗa da kashin awakin fasinjoji. Da yamma inuwarta ce wurin 'yar carafkenmu. Ƙanena Bobbo har sumbatar fitilarta yake yi, muna yi masa dariya.

Labarin turin da aka yi mana ya riga ni zuwa makaranta. Ran Litinin wata yarinya ta bi bayana a filin makaranta lokacin tara tana jan ƙafa tana gurnani da baki. Ban tsaya tambayarta dalili ba, na tsoma kanta a cikin yashi. Na sha bulala a gaban aji, malam ya ce in ba ta haƙuri, na ce a ƙara mini bulalar. Aka ƙara, kuma da za a mayar da ni ranar nan, abin da zan sake yi ke nan.

Wanda ba zan iya tsoma kansa a yashi ba shi ne Bappa Sali. Ya zo bayan la'asar ya zauna a zaure, ya yi maganarsa a hankali irin ta mutanen da suka riga suka gama yanke hukunci. Ya ce gari ya ɗauka, fasinjoji sun fara tsoron shiga, wata rana motar za ta sulale da mutane cikin kogi. Ya ce ya samo wani saurayi zai riƙa tuƙa ta, Baba kuwa ya koma rumfar hatsi ya huta. Ba mugu ba ne Bappa, tsoro ne ya cika shi, amma a ranar na tsane shi har cikin raina. Ina laɓe bayan asabari na ji Baba ya ce, "Hamma, ban dawo da raina don in zauna ina auna gero ba. Ka bar ni da ita zuwa kasuwar Girei mai zuwa. In ƙafata ce, da hannuna zan kawo maka makulli."

Daga ranar ƙofar gidanmu ta koma gareji. Baba ya ƙi kai ta wurin makanikai, ya ce can aka fi yi da ƙafarsa. Ya ɗaga ta da jak, ya tokare da kututturen giginya, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi. Da yake dole wani ya zauna a sama yana takawa yana jan giya, ni aka ba kujerar direba, aka jingina mini matashi a baya don ƙafata ta kai. Ya fara da sandunan ƙarfen da ke kai motsin hannun giya zuwa akwatin giya. Ya samu robobin gaɓoɓinsu sun cinye, ya yanko sababbi daga tsohuwar taya, ya maye wani fil da ya karye da ƙusa, ya cika ko'ina da giris. Hannun giyar ya daina rawa, muka yi murna. Amma da aka tayar da inji, gurnanin nan yana nan inda muka bar shi. A nan ya koya mini abin da ban taɓa mantawa ba: "In tana shiga giya a kashe, ta ƙi a kunne, kada ki zargi giya, kuloci ne bai saki ba." Ya faɗa yana murmushi, amma ni na san abin da maganar ke nufi. Kuloci ƙafar hagu ce ke taka shi.

Ya ƙara tsawon sandar kuloci, ya rage, ya canza sifirin da ke dawo da feda, ya wanke komai da kananzir. Wani lokaci ta shiga lafiya, in aka yi ruwa washegari ta ƙi. Na fara ganinsa bayan sallar magariba yana zaune yana matsa tafin ƙafarsa da babban yatsa, yana kallonta kamar ta wani ce. Wannan ya fi bulalar makaranta yi mini ciwo. Kakarmu Dada, mahaifiyarsu, wadda ko kaza ce ta yi tari sai ta tofa albarkacin bakinta, ita kuma ta yi shiru a kwanakin nan, tana bakin zaure da abawarta tana kaɗi tana satar kallonmu.

Ana jibi kasuwar aka kwana ana ruwa. Na fito da safe takalmina ya jiƙe, na hau kujerar ba takalmi. Baba ya ce daga ƙasa in taka. Na taka, na danna da duk ƙarfina, sai na ji abin da takalmi ya ɓoye mini duk kwanakin nan. Fedar kulocin ba ta kai ƙarfen ƙasa ba. Tana gab da kaiwa sai ta tsaya a kan wani abu mai laushi, kamar ka taka kwaɗo. Na gaya masa. Da wani uban ne, da ya ce yarinya me ta sani, shi kuwa sai ya ce in sake takawa in riƙe. Ya fito, ya yaye tabarmar robar da ke ƙasan fedar, ya zura hannu ta ramin da ƙarfen fedar ke bi, ya yi ta lalube har kafaɗarsa ta shige. Abin da ya jawo wani dunƙule ne baƙi ƙirin, ya sha giris da laka. Ya kankare da wuƙa, sai ga laya, ɗinkin fata, ɗaure da tsirkiya a jikin ƙarfen. Ta zame ta ramin ta maƙale a saman ƙarfen gindin mota, inda mai kwance a ƙasa ba zai gani ba. In rana ta yi ta motse, in ruwa ya taɓa ta ta kumbura ta tokare fedar.

Ba mu tambayi kowa ba, Dada ce ta aje mazarinta ta taso. Ban ga alamar kunya a fuskarta ba ko kaɗan. Ta ce da irin Hausarta, "Ni ya ɗaura. Ƙafan da ya ji ciwo, a wurin yake aiki, a wurin zan sa masa tsari. In ka cire, gobe zan ɗaura wani." Daidai nan Bappa Sali ya iso karɓar makulli tun wa'adi bai cika ba, ya tsaya baki buɗe. Na zaci Baba zai yi faɗa. Sai ya zauna a kan matakin motar, ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu, ya miƙa wa uwarsa layar ya ce, "To Dada, ɗaura a inda kika nufa tun farko." Ta durƙusa ta ɗaura masa a ƙwauri, a kan tabon.

Washegari ni ce a gaba, Bappa a kujerar baya. Da jirgi ya kai Vinikilang aka sauke katako, masu fito suka fara naɗe hannun riga za su yi turi. Baba ya leƙa ta taga ya ce kowa ya matsa. Ya taka, ya ja, giya ta shiga ba ko ƙis, motar ta haye gangaren nan a hankali da kayanta da mutanenta. Na leƙa na nemi mai hular nan na yi masa gwalo. Daga ranar ba a sake maganar rumfar hatsi a gidanmu ba.

Yanzu gada ce a kan Binuwai, ana haye ta ba a ko waiwaya ruwan, motar da nake tuƙawa kuma ba ta da kuloci balle hannun giya a sitiyari. Jikokina ba su san ƙafar hagu tana da wani aiki a mota ba. Baba ya tuƙa tasa har idonsa ya gaza, ƙafar ba ta taɓa ba shi kunya ba, layar kuma tana ƙwaurinsa sai ranar da masu wanka suka kwance ta. Ni kuwa duk lokacin da na zo hawan gadar nan, sai in ji ƙafata ta hagu tana laluben ƙasa, tana neman abin da za ta taka masa.