Cokalin Sale

Jama'a assalamu alaikum. Abin da zan ba ku ba wani ne ya ba ni labari ba, ni ya faru da ni, wallahi tallahi, a nan Kaduna, shekarun baya lokacin ina zaune a Abakpa ina da shagon kayan wuta a Kawo. Sunana dai ku bar shi, waɗanda suka san mu za su gane, waɗanda ba su san mu ba kuma sunan ba zai ƙara musu komai ba.

A lokacin ne na kamu da son fatsa, ba don neman na cefane ba, don nishaɗi kawai, irin wadda muke gani a waya mutum ya shiga jirgin ruwa da sanda mai injin naɗe zare ya kamo ƙaton kifi ya ɗaga a yi masa hoto. Na sayi sanda mai tsada, na cika akwati da kifayen roba masu ƙyalli kala-kala, sannan na ja abokina Sale ya riƙa raka ni. Sale kafinta ne a Hayin Banki, tare muka yi allo, tare muka yi firamare, shi ne babban abokin ango a bikina. Kuma ku ji da kyau, ni na koya masa ko yadda ake riƙe sandar, tsohuwar tawa ma na ba shi.

Duk Asabar a bazara, lokacin da kogi ya ja baya ruwa ya kwanta ya yi garau, sai mu ɗauki motata da sassafe mu wuce inda masu yashi ke lodi, can gaba akwai wani dattijo mai kwale-kwale da ake kira Baba Na-Yawuri, shi ke tuƙa mu zuwa wani gurbi mai zurfi a gindin wasu duwatsu inda manyan kifaye irin su giwan ruwa da tsage ke kwanciya.

To wata biyu ba a yi ba Sale ya wuce ni, wucewa kuwa ba ta wasa ba. Kwale-kwale ɗaya, gurbi ɗaya, kafaɗarmu na gogar juna, ni in yini ina jifa ina naɗewa har hannuna ya yi tsami in tashi da 'yar karfasa kamar tafin hannu, shi kuwa kafin rana ta take ya ɗaga giwan ruwa biyu. Muna da guruf a waya na masu wannan sha'awa, da yamma a sa hotuna, kowa sai "Sarkin ruwa Sale!", ni kuma in an gan ni a hoton to gefen kunnena ne ko gwiwata. Wani ma ya taɓa tambaya wai ni ne direbansa? Na sa alamar dariya, amma wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na zama mai kai wa Sale taki duk mako, a motata, da man da na saya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da yake kamun da shi. Ba kifin roba ba ne, wani tsohon cokalin shayi ne na tagulla da ya yanke wa mariƙi, ya huda shi gaba da baya, ya sa masa ƙugiya ya ɗaura jan zare. Shi ke nan fa. Sai kuma wata al'ada da ya ɗauka wurin Baba, wai kifin farko na ruwa ne. Duk abin da ya fara kamawa, ƙarami ko babba, sai ya cire ƙugiyar a hankali ya mayar da shi, ya ce "a gai da gida". Na taɓa ganin ya saki giwan ruwa da ya kai tsawon hannuna, na ce "Sale kai fa ba ka da hankali." Ya yi dariya ya ce "Mutumina, in ka shiga gidan mutane ai ka yi sallama." Ni kuwa na ce camfi ne, ban taɓa mayar da ko ɗan ƙaramin kifi ba.

A zuciyata na gama yanke hukunci cewa ba iyawa ba ce, cokalin ne, ko dai wani abu aka yi masa a jiki. Wata Asabar muna sauke kaya a bakin ruwa, Sale ya zaga bayan dutse, na buɗe gwangwanin da yake ajiye cokalin na zare shi na sa a aljihu. Da ya dawo ya duba bai gani ba, Allah ya yafe mini, har da ni a masu nema, ina tona yashi da ƙafa ina cewa "kai ma ka cika sakaci." Daga baya ya ce ba komai, zai ƙera wani. Amma na ga fuskarsa, abin ya taɓa shi.

Ranar Laraba na rufe shago da hantsi na ce zan je Rigachikun duba kaya, na zarce bakin kogi ni kaɗai. Baba ya yi mamakin ganina, ya ce "Alhaji, yau ina abokin naka?" Na ce aiki ya riƙe shi. Ya dubi rana ya ce lokaci ya ƙure, tsakar rana ba a son shiga gurbin nan, na dai matsa masa har ya kwance kwale-kwalen yana ƙunƙuni.

Muna isa na juya masa baya na ɗaura cokalin. Zafi ake yi kamar me, ko ganye ba ya motsi, kuma abin da na lura da shi, wurin nan da kullum tsuntsaye ke damun mu, ranar tsit. Jifa ɗaya na yi. Cokalin bai gama nitsewa ba na ji an fizge ni har gwiwata ta bugi katako, sanda ta lanƙwashe, zare na fita yana ƙara. Kai jama'a! Na fi rabin awa ina fama, in jawo ya ja, in jawo ya ja, gumi har cikin idona, Baba na ta juya kwale-kwale da filafili kar mu kife. Da ya taso kusa na leƙa na gan shi a ƙarƙashin ruwa, fari sol, faɗinsa kamar ƙyauren taga, sai na fashe da dariya, dariya sosai irin ta wanda ya daɗe yana jiran rana, ina cewa "yau dai Sale zai san ni ne ubangidansa!"

Da ƙyar muka jawo shi ciki mu biyu. Ban taɓa ganin giwan ruwa irinsa ba, har yau. Ƙugiyar ta kama shi a gefen baki na hagu, na sa filaya na fizge ta da gaggawa har wurin ya yage. A nan ne idon Baba ya faɗa kan cokalin.

Ya ce, "Alhaji, wanga cokali na Sale ne."

Na ce aro ya ba ni.

Ya ce, "Ko aro ne ko mi ne ne, maida kifin ga ruwa. Ruwa ya san cokalin, kai bai san ka ba. Mai shi bai taɓa hana ruwa kifin farko ba."

Na ce Baba don Allah bar wannan zance, karɓi waya ka ɗauke ni. Na nuna masa inda zai danna, na rungumo kifin a ƙirjina, yana ta buɗe baki yana rufewa, jikinsa na karkarwa. Hoton farko kaina bai fito ba. Na biyu yatsan Baba ya rufe rabi. Muna cikin haka waya ta yi ƙara a hannunsa, ya ce ana kira, na ce danna ja ka ci gaba. Aka sake kira, na ce danna ja! Na gyara hula, na juya ta nan, na juya ta can, na ce sai an ga tsawonsa tun daga kai har wutsiya. Allah kaɗai ya san minti nawa na ɓata, ni dai na san kifin ya daina bugun ƙirjina da ƙarfi, sai ɗan motsi. Kira na uku Baba ya miƙo mini wayar ya ce shi ba zai ƙara dannawa ba.

Hauwa ce, matar Sale. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Baban Ummi kana ina? Ka zo da mota don Allah! Abokinka yana cikin aiki a ƙofar gida ya faɗi, numfashi ya ƙi, sai buɗe baki yake yana rufewa, ga jini a gefen bakinsa, idonsa ya kafe, Baban Ummi, zai mutu!"

Na dubi abin da ke kan cinyata. Yana buɗe baki, yana rufewa, a hankali, ga jini a gefen hagu.

Wallahi ban san lokacin da na saki wayar a cikin kwale-kwale ba. Na kinkime shi na tura ruwa, sai ya juya ciki sama ya yi lamo. Innalillahi! Baba ya daka mini tsawa ya ce in riƙe wutsiyar in riƙa tura shi gaba ina jawo shi baya ruwa ya shiga bakinsa, na durƙusa rabin jikina a waje ina yi ina kuka, ina kiran sunan Allah, ina kiran Sale, ni da kaina ban san wanda nake roƙo ya tashi tsakanin kifin da Sale ba. Can na ji ya motsa a hannuna, ya yi wata girgiza, ya sulale ƙasa a karkace. Wayar tana nan a kunne a ƙasan kwale-kwale, daga cikinta na ji ihun mata ya canza, wata na cewa "ya yi tari! ya yi tari!"

Cokalin na miƙa wa Baba, ya ƙi taɓawa, na sake shi a gurbin. Da muka fito na taka tudu, ya ce kar in ƙara zuwa wurinsa.

A asibiti na same su, maƙwabta sun kai shi a a-daidaita. An yi masa ɗinki uku a gefen baki na hagu, aka ce wataƙila da ya faɗi ne ya bugi wani abu. Likita ya ce numfashinsa ya daɗe a tsaye, shi ya sa abin ya taɓa ƙwaƙwalwa, amma me ya tsayar da shi, sun yi gwaje-gwaje ba su gano ba. Hauwa ta ja ni gefe ta ce abin da ya ɗaure mata kai, rigarsa sharkaf take kamar an tsamo shi, alhali ba wanda ya zuba masa ruwa, kuma sai da ta wanke ta sau uku ƙarni bai fita ba. Na ce gumi ne. Me zan ce?

Sale ya rayu, alhamdu lillahi, amma hannunsa na dama bai koma daidai ba, ba ya iya riƙe zarto, maganarsa ma sai a hankali. Ƙaninsa ne ke riƙe da wurin aikin yanzu, shi sai dai ya zauna a benci yana nuna masa. Kullum ina lissafin kiran nan biyu da na sa aka katse, da a na farko na ɗauka, wataƙila da yanzu yana aikinsa. Na rabar da sandunan, na fita daga guruf, hotunan ko kallonsu ban yi ba na goge.

Bayan kamar wata huɗu muna zaune ni da shi a bencin nan da la'asar, sai ya ce, "Mutumina, akwai abin da ban gaya wa kowa ba, kar a ce na zautu." Ya ce ranar da ya faɗi shi dai yana goge katako, sai ya gan shi a cikin ruwa, ruwa mai sanyi, ga duwatsu, kuma wani abu ya kama shi a baki ana jan sa sama. Ya yi ta turjewa har ƙarfinsa ya ƙare. Da ya matso sama ya ga gindin kwale-kwale, ya ga mutum ya leƙo yana kallonsa.

Na ce, "Wa ka gani?"

Ya ce, "Rana na bisa kansa, ban ga fuska ba. Dariyarsa dai na ji. Ko yau na sake jin ta zan gane ta."

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ban san ko na tambaya ba ne ko na wanda ya riga ya sani. Sannan ya ce in miƙo masa butar can zai yi alwala.

Ni ban san me ya faru a gurbin nan ba, ban kuma tambayi kowane malami ba don ba zan iya maimaita labarin ido da ido ba. Abin da zan ce muku kawai, in Allah ya ba ɗan'uwanku wani abu, ko da kamun kifi ne, ku ce masha Allah ku kama bakinku, in zuciya ta ƙi ku tashi daga wurin. Kuma in kun shiga ruwan da ba naku ba, masu wurin suka ce ga yadda ake yi, ku bi ko ku koma gida.

Har yau ina zuwa wurin Sale duk Juma'a, in kai masa lemo da ayaba mu yi hira. Yana da ban dariya, ciwon bai raba shi da wannan ba, yakan ba da labari kowa a wurin ya riƙe ciki. Ni kaɗai nake sunkuyar da kai in cije leɓe, don tun daga ranar ban ƙara yarda na yi dariya a gabansa ba.