Dokta Huraira da Allurar da Ba Ta Rubuta Ranarta Ba

Ranar Asabar, 14 ga watan Yuni 2025, daidai da 18 ga Zulhajji 1446, da ƙarfe goma da minti arba'in na safe, Allah Ya karɓi ran Dokta Huraira Kabir a gidanta da ke Daurawa. Tana zaune a falo tana duba takardu ta ce kanta na ciwo, ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Ni labarin ya same ni da sha ɗaya da minti biyar, ina ƙaramin asibitinta na Gyaɗi-Gyaɗi ina duba sanyin firij. An yi mata sallah bayan la'asar. Na Allah muke, gare Shi za mu koma. Na faɗi haka a lokacin, ina kuma ta maimaitawa, amma yau kwana takwas ke nan hankalina bai zauna ba.

Sunana Nura. Wata bakwai da suka wuce na gama karatun gwaje-gwajen asibiti, ina jiran a tura ni horon shekara ɗaya, Dokta ta ce in zo in riƙa taimaka mata kafin nan. Ita likitar ƙashi da gaɓoɓi ce, kuma 'yan ƙwallon Tarauni da Hotoro sun san ta da aikin da ake kira PRP. Ga wanda bai sani ba: ana ɗibar jinin mutum kamar cokali biyu, a sa a wani inji mai juyawa da sauri har jinin ya rabu, ja a ƙasa, ruwan ɗorawa a sama. A cikin ruwan nan ake samun ƙwayoyin da ke daskarar da jini, masu taimaka wa rauni ya warke. Shi ake zuƙowa a yi wa mutum allura a jijiyar da ta samu rauni. Ɗiban jini da juya shi da raba shi aikina ne. Allurar kuwa ta likita ce, kuma ban taɓa yin ta ba ko sau ɗaya.

Dokta, ba ki taɓa yi wa kowa alkawarin warkewa ba. Kina gaya wa kowane ɗan wasa cewa wasu yana yi musu aiki, wasu ba ya yi, kuma masana ma ba su gama daidaitawa a kai ba. Na ga mutum uku da kika mayar gida kika ce hutu da motsa jiki kawai suke bukata. Na tuna ranar da aka ɗauke wuta injin yana minti na huɗu cikin goma. Na ce mu tayar da janareta mu ƙarasa. Kika zubar da jinin, kika ba mutumin haƙuri da kanki, kika ce in sake ɗiba. Da kika ga na yi jinkiri kika ce, “Malam Nura, kai da kake rubuta minti har da daƙiƙa, jini cokali biyu ne zai firgita ka?” Ba ki sake tayar da zancen ba.

Dokarki ɗaya ce kowa ya sani. Kwana goma kafin allura, ba a shan maganin ciwon jiki irin na kumburi da ake saya a kemis, domin yana rage wa ƙwayoyin jinin nan ƙarfi. 'Yan ƙwallonmu kuwa suna shan sa kamar alewa, kafin wasa da bayan wasa. Har aljihu kike sa su zazzage. Akwai kuma wata ɗabi'a taki da ban fahimci nauyinta ba sai yanzu: ba kya rubuta ranar allura ta gaba sai kin danna wurin da yatsanki, kin sa mutum ya tsuguna ya miƙe a gabanki. Kin ce takarda ba ta san gwiwa ba.

Wannan ɗabi'ar ce ta bar ni da Jideofor. Haihuwar Tarauni ne, shekararsa ashirin da biyu, ɗan wasan gaba, iyayensa sun zo daga kudu tun kafin a haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu. A watan Maris jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwarsa ta dama ta samu rauni. Kika yi masa allura ta farko ranar Talata 29 ga Afrilu, ta biyu ranar Talata 27 ga Mayu. Wata ƙungiya a Legas ta kira shi gwaji ranar 19 ga Yuli, kuma shi da kowa mun san irin wannan kira ba ya zuwa sau biyu. Ranar Alhamis 12 ga Yuni kika duba shi. Kika daɗe kina danna gwiwar, fiye da yadda kika saba. Ya ce, “Hajiya Dokta, ki faɗa mini mana, ko yanke ta za a yi in huta?” Kika ce, “Bakinka ya fi cancanta a yanke. Ka dawo Litinin, zan gaya maka ko za mu yi ta uku.” Na duba fayil ɗinsa sau ba adadi. A shafin ranar Alhamis kin rubuta kwanan wata, kin ja layi. Babu komai a ƙarƙashin layin.

Litinin ɗin ita ce ranar addu'ar uku. Jide ya zo ƙofar gidanki da sauran 'yan ƙungiyarsu, ya zauna a tabarma a gefe har aka shafa. Da za a watse ya ja ni bayan wata mota. Ya ce, “Nura, akwai abin da na ɓoye mata. Kwana biyu kafin allura ta biyu ciwon ya hana ni tafiya, na sha ƙwayar nan guda huɗu. Ta tambaye ni na ce ban sha ba.” Yana magana yana kuka. Ya ce shi ya lalata allurar da hannunsa, don haka dole a yi ta uku, kuma in aka bi tazarar mako huɗu, Talata 24 ga wata ce ranarta, wato jibi ke nan.

Tun daga nan kocinsu, Malam Garzali, ya zo asibiti sau uku. Mutumin kirki ne, yana son yaronsa. Ya ce, “Kai ne fa kake haɗa abin. Allura ce kawai, sau nawa ka gani ana yi?” Na ce sau talatin da ɗaya. Ya ce, “To me ya rage? Ko sai ka ƙirga ɗari?” Na gaya masa na gani ne, ban yi ba. Dokta tana duba hoton jijiyar a na'ura tana tura allurar a hankali, ni kuwa hoton nan ba na iya karanta shi. In na kauce kaɗan, ko na shigar masa da cuta a gwiwa, ba gwajin Legas kaɗai zai rasa ba. Sannan ban ma san ko ta yi niyyar yin ta ukun ba. Ya dube ni ya ce, “Ita dai da ba ta bar shi haka ba.” Wannan maganar ta zauna mini. Ina cin abinci tana nan, ina sallah tana nan.

Na kai fayil ɗin wurin wani likita da kuka yi karatu tare. Na ƙara takarda ɗaya da hannuna a kan ƙwayar da Jide ya sha, bayan na nemi izininsa. Likitan ya karɓa da mutunci, amma zai yi tafiya, ranar da ya iya bayarwa ita ce 8 ga Yuli, kwana goma sha ɗaya kafin gwajin. Na gaya wa Jide a waya. Ya kashe wayar.

Allah Ya jiƙan ki, Dokta, Ya gafarta miki, Ya yalwata miki kabarinki, Ya sanya kowace gwiwa da ta miƙe ta dalilinki a cikin mizaninki. Ga maigidanta Alhaji Bello, da 'ya'yanta Hafsat da Saratu, da mahaifiyarta Hajiya Rukayya, Allah Ya ba ku haƙuri mai kyau, Ya tsaya muku a inda ta bari.

Dokta ta koya mini in rubuta abin da na sani, in kuma rubuta abin da ban sani ba a fili. To ga shi.

Ban san takamaiman abin da ya yi ajalinta ba, likitan da ya gan ta ya ce mai yiwuwa jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa. Ban san abin da yatsanta ya ji a gwiwar Jide ranar Alhamis ba. Ban san ko ta gane ya yi mata ƙarya ta ƙyale shi ba. Ban san iyakar ɓarnar da ƙwaya huɗu suka yi wa allura ta biyu ba, ko ma ba su yi komai ba. Ban san wanda zai ci gaba da asibitin ba. Ban san ko kwana goma sha ɗaya za su ishi Jide ba, ko zai sake gaishe ni in ba su isa ba.

Jide ya aiko saƙo cewa jibi da ƙarfe tara zai zo, in shirya. Zan buɗe masa ƙofa, in ba shi kujera, in zauna da shi iya lokacin da yake so. Injin ba zan kunna ba.